Walimar Ma'aikata: Wa Ya Biya Kuɗin Kazar?

Da zarar Nuwamba ta raba tsakiya, kamfanoni da yawa a Kano da Kaduna da Abuja sukan kafa kwamitin walimar ƙarshen shekara. A masana'antar da na yi aikin akanta a Sharaɗa, ba a taɓa kafa irin wannan kwamiti babu ni a ciki ba. Ban iya girki ba, ban kuma san tsarin kujeru ba. Littafin kuɗi ne a hannuna, shi ke nan. Amma kujerar akanta tana nuna wa mutum abin da sauran 'yan kwamiti ba sa gani. Takardar kuɗin shinkafa da kaji da hayar rumfa tana sauka a teburina tare da takardar abin da ma'aikata ke bin kamfani. Daga nan tambayata ta fito, kuma tambaya ce ta addini tun kafin ta zama ta lissafi: shin wanda ake bi bashi yana da hurumin yi wa mai binsa kyauta, har ya jira godiya?

A kowane zaman farko sai an sami mai cewa a bar walimar kawai a raba wa mutane kuɗin. Maganarsa tana da nauyi, musamman a wannan zamani, amma ba na tare da shi ɗari bisa ɗari. Cin abinci tare ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Tsofaffin 'yan kasuwar Kurmi da Kantin Kwari sun san yadda attajiri kan zauna a zaure da yaransa, a ajiye akushi ɗaya a tsakiya, kowa ya wanke hannu. A bakin wannan akushi maigida ke gane wanda ya rage ci saboda damuwa, da wanda matarsa ke kwance, da wanda lokacin sallamarsa ya yi. A ƙauye kuma, mai gonar da ya kira gayya shi ke ɗauke da fura da tuwon waɗanda suka zo masa noma, kuma ba wanda ke kallon abincin a matsayin sadaka, domin gobe shi ma zai ɗauki fartanyarsa ya tafi gonar wani. Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni idan mai hidima ya kawo wa mutum abinci, to ya zaunar da shi su ci tare, in bai yi haka ba ya ɗiba masa loma ɗaya ko biyu, saboda shi ya sha zafin wuta da wahalar dafawa. Dubi dalilin da aka bayar. Ba a ce don yana jin yunwa ba. An ce don guminsa yana cikin abincin.

Kamfani na zamani ba shi da zaure. Mai shi yana iya zama a Legas ko Dubai, manaja yana cin nasa a ofis mai sanyi, lebura yana cin nasa a gindin bishiya wajen mai abincin bakin ƙofa. Shekara takan zagayo ba su haɗa hannu a kwano ɗaya ba. Walimar ƙarshen shekara, idan an yi ta da zuciya ɗaya, yunƙuri ne na dawo da wani abu daga wancan zaure ko da na yini guda. Wannan ya sa nake kare ta. Kuɗin da aka tura wa mutum a asusunsa yana maganin buƙata, amma ba ya sa darakta ya san sunan wanda ke kunna masa janareta.

Sai dai abubuwa suna da jeri. Aya ta 90 a Suratun Nahli, wadda limamai da yawa ke rufe huɗubar Juma'a da ita, ta ambaci adalci kafin ta ambaci kyautatawa. Ɗalibin da ya karanta Ahalari ma ya san ba a barin farilla a rungumi nafila. Albashi farilla ne, kuɗin aikin bayan lokaci farilla ne, fansho farilla ne. Walima nafila ce. A hadisi ƙudusi da Buhari ya kawo, Allah ya ambaci mutum uku da Shi da kansa zai zama abokin shari'arsu ranar alƙiyama, na ukunsu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci ya karɓi cikakken aiki daga gare shi sannan ya hana shi ladansa. Wani hadisin da Buhari da Muslim suka haɗu a kansa ya kira jan ƙafar mai hali wajen biyan bashi da sunan zalunci. Ban san wani nassi da ya yi wa wanda bai shirya wa ma'aikatansa liyafa barazana ba.

Bari in sauko da maganar kan takarda, inda na fi sani. Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama ya cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, ya ɗora nasa kashi 10, ya tura duka zuwa asusun fanshon ma'aikacin cikin kwanakin aiki 7 daga ranar biyan albashi. Idan aka yi lissafi a kan naira 70,000, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024, kason ma'aikaci 5,600 ne, na kamfani 7,000, jimla 12,600 duk wata. Wancan 5,600 ba kuɗin kamfani ba ne ko na daƙiƙa ɗaya. Kuɗin mutum ne da aka karɓa da alkawarin za a ajiye masa don tsufansa. Sunansa amana.

Wata shekara aka yi watanni ana cire wannan kuɗi ba a turawa, ana cike giɓin dizal da shi. Sai ga takardar walima ta iso da sa hannun shugaba. Na shiga wurinsa na ce, "Yallaɓai, kuɗin fanshon da muka cire har yanzu yana hannunmu." Ya ce, "Akanta, ko mun fasa walimar nan, kuɗinta ba zai biya rubu'in bashin ba. Ka bari mutane su ɗan sami farin ciki." Ta fuskar lissafi gaskiya ya faɗa, kuma ba mugun mutum ba ne, na sha ganin ya biya wa ma'aikaci kuɗin asibiti daga aljihunsa. Shi ya sa hujjarsa ta cancanci amsa ta gaske.

Amsata ita ce walima ba abinci kawai ba ce. Akwai jawabi a cikinta. Shugaba zai tashi ya faɗi yadda hukumar gudanarwa ta ga ya dace ta karrama ma'aikata duk da matsin tattalin arziki. Za a tafa. Can wajen ƙarshe mai gabatarwa zai kira wani ya yi jawabin godiya a madadin ƙananan ma'aikata, kuma kullum dattijo ake zaɓa, wanda ya fi kowa daɗewa a kan inji. A waccan shekara na zauna ina kallon wani bawan Allah mai furfura, wanda saura ƙiris ya ajiye aiki, yana riƙe da lasifika yana sa wa kamfani albarka, alhali ni na san asusun fanshonsa ya daɗe bai ga kwabo ba. Cinyar kazar da ke gabansa daga cikin kuɗinsa aka saya masa, sannan aka sa shi ya gode. Wannan shi ne kitso da ƙwarƙwata. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta gargaɗi muminai kada su ɓata sadakarsu da gori da cutarwa. To idan gori a kan abin da yake naka yana rushe lada, ina ga neman godiya a kan abin da ba naka ba?

Na san halin da masana'antu ke ciki. Duk wanda ya zaga Sharaɗa da Challawa da Bompai ya ga gine-ginen da ciyawa ta cinye, ya san abin da rashin wutar lantarki da tsadar dizal suka yi. Addini ma bai matsa wa wanda ke cikin ƙunci ba. Aya ta 280 a surar nan ta Baƙara ta ce a saurara masa har ya sami sauƙi. Amma mai neman a saurara masa ba ya kama zauren otal. Idan kamfani ya shiga matsi, shugaba ya tara mutane a harabar masana'anta, a dafa shinkafa da wake, ya faɗi abin da ake bin kamfani da bakinsa, ya faɗi ranar da yake sa ran biya. Irin wannan zama ina goyon bayansa ko ana tsakiyar bashi, domin ba a nemi kowa ya yi kamar bai san abin da ya sani ba.

To a ce an biya kowa, littafi ya fita fes. Saura tambayar da ta fi ba kwamiti wahala, ko da yake ba kasafai ake furta ta ba: su wa ake nufi da ma'aikata? Ofishin kula da ma'aikata zai kawo jerin sunayen da ke kan takardar albashi. A wannan jeri babu masu gadi, domin wani kamfanin kwangila ne ya kawo su. Babu masu shara. Babu 'yan lodi da ake biya kullum-kullum, waɗanda wasunsu sun shekara da shekaru suna ɗaukar kaya a ƙofa ɗaya ba a taɓa ba su takardar ɗaukar aiki ba. Masu aikin dare kuma suna cikin jerin, amma lokacin da ake ci suna kan inji, in an tuna da su a aika musu da ragowa. Abu Huraira ya ruwaito, kuma yana cikin Buhari da Muslim, cewa mafi munin abinci shi ne na walimar da ake kiran masu hali a bar talakawa. Mukan ji wannan hadisi mu tuna bikin auren 'ya'yan manya. Ban ga abin da ya fitar da walimar kamfani daga cikinsa ba, ranar da maigadi ke tsaye a rana yana tsara motocin masu cin abinci, ƙamshi yana dukan hancinsa. Ko waye ke biyansa albashi, ƙofarmu yake tsarewa.

Har waɗanda aka gayyata ma akan raba su gida biyu. Akwai babban teburi mai shimfiɗa, da farantan tangaran da naman rago da lemon kwali, akwai kuma kujerun roba a baya inda ake miƙa abinci a robar ɗauka. Tukunya biyu ake ɗorawa, kowa kuma ya sani. Ma'aruru ɗan Suwaidu ya ba da labarin ya haɗu da Abu Zarri a Rabaza, ya ga tufar da ke jikinsa iri ɗaya ce da ta bawansa. Da ya tambaye shi dalili, sai Abu Zarri ya gaya masa yadda Annabi ya tsawatar masa a kan wani mutum da ya aibata, ya kuma koya masa cewa waɗanda ke ƙarƙashin hannun mutum 'yan'uwansa ne, ya ciyar da su daga abin da yake ci, ya tufatar da su daga abin da yake sawa. Wannan a kan bawa ke nan, a zamanin da ake bauta. Mu kuma a kan ɗa mai 'yanci mun kasa haɗa tukunya sau ɗaya a shekara.

Wani abokina malamin makaranta yana ganin duk wannan wasan kwaikwayo ne. A cewarsa, ko darakta ya zauna kusa da lebura ranar Asabar, ranar Litinin shi zai sa hannu a takardar korarsa, don haka daidaiton yini ɗaya munafunci ne, gara kowa ya tsaya a matsayinsa. Na daɗe ina juya maganarsa, kuma ban yarda da ita ba. Musulunci bai taɓa cewa mutane daidai suke a dukiya ko muƙami ba; aya ta 32 a Suratuz Zukhrufi ta faɗi cewa an ɗaukaka wasu a kan wasu a abin duniya domin wasu su yi wa wasu aiki. Duk da haka sau biyar a yini ake tsayar da attajiri kafaɗa da kafaɗa da direbansa a sahu, in direban ya riga shi zuwa ma shi ne a gaba. Ana sallame salla kowa ya koma matsayinsa, kuma ba wanda ya ce sahun ƙarya ne. Tunatarwa ce cewa bambancin na aiki ne, bai kai ga asalin mutum ba. Walima tana iya yin irin wannan tunatarwa, da sharaɗin a ji ta a jikin babba: ya bi layi, ya ci abin da kowa ya ci, ya zauna inda babu fanka.

Abin da nake roƙon shugabanni su rage shi ne cewa mu duka iyali ɗaya ne. Uba ba ya sallamar ɗansa don ciniki ya ja baya. Abin da ke tsakanin kamfani da ma'aikaci yarjejeniyar ijara ce: aiki sananne, lada sananne, lokaci sananne. Malaman fiƙihu sun dage a kan a fayyace waɗannan ne don a kare mai rauni. Na lura duk inda aka cika maganar iyali, ba a jimawa sai a nemi mutane su zo aiki ranar hutu ba tare da ƙarin kwabo ba, wai ai gida ne.

Sai batun tilas. Ba a rubutawa a takarda cewa dole kowa ya zo, amma ana lura da wanda bai zo ba, kuma yakan ji a jikinsa lokacin ƙarin girma. A mazhabar Malikiyya da muke bi, gayyatar da aka ƙarfafa amsa ta ita ce ta walimar aure, ita ma da sharuɗɗa. Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ta ɗaure amsawar da rashin abin ƙi a fili a wurin, ta bar wa mutum zaɓin ci ko rashin ci, ta kuma kawo cewa Imamu Malik ya yi rangwamen ƙin zuwa saboda cunkoson jama'a. Idan walimar aure ke nan, ta kamfani ba ta da ikon hawa wuyan kowa. Akwai wanda ba ya zama inda ake kiɗa. Akwai matar aure da ke zaune a Kurna ko Rijiyar Zaki, wadda in aka kai dare sai ta yi tunanin abin hawa da kuma bayanin da za ta yi a gida. A 2022 gwamnatin Kano ta hana zirga-zirgar adaidaita sahu daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, amma masu tsara lokaci duk masu mota ne, ba su tuna ba. Mafi muni shi ne a fitar da anko, ko a yanka wa kowa gudummawa, a cire daga albashi. Wanda ke ɗaukar albashi mafi ƙanƙanta ba zai iya ɗaga hannu a gaban ogansa ya ce shi ba ya so ba. Malamai sun daɗe suna faɗin cewa abin da aka karɓe wa mutum don kunya ta hana shi cewa a'a bai halatta ba.

Wasu 'yan'uwa sukan yi ɗari-ɗari da walimar don ta faɗo a Disamba, suna zargin bikin Kirsimeti ne aka sauya wa suna. A ganina mu'amala ce, ba ibada ba. Disamba watan rufe littafin kuɗi ne a yawancin kamfanoni. Abokan aikinmu Kirista suna zama tare da mu a shan ruwan da kamfani ke shiryawa da azumi, ba su ce an musuluntar da su ba. Abin lura kaɗan ne: kada a ajiye giya, a tabbatar da yankan, a tsaya idan lokacin salla ya yi, a kuma kauce wa safiyar Lahadi kamar yadda ake kauce wa azahar ɗin Juma'a.

Game da israfi, ma'auninsa a wurina shi ne wa aka kashe wa kuɗin. Annabi ya ce wa Abdurrahman ɗan Aufu, ɗan kasuwar da daga baya ya zama cikin manyan attajiran sahabbai, ya yi walima ko da da akuya ɗaya ce. Walimar auren Annabi da Nana Safiyya kuwa dabino ne da cuku da man shanu. A takardun da suka bi ta hannuna, abin da ke cin kuɗi ba shi ne ke shiga cikin ma'aikaci ba: hayar zaure, masu ado da balan-balan, mai ɗaukar bidiyo, allon hoton da za a tsaya a gabansa don a ɗora a Facebook. Wannan talla ce, kuma talla ba laifi ba ce, amma a rubuta ta a shafin talla, kada a kira ta karrama ma'aikata.

Ku lura da abin da ke faruwa a kujerun baya. Mutum zai ci shinkafar, ya waiga hagu da dama, ya zare leda daga aljihu ya naɗe naman. Na ga manyan ma'aikata suna yi wa wannan dariya, har wani ya taɓa kawo shawarar a hana. Ni kuwa ban ga abin da ya fi wannan leda daraja a duk taron ba. Mutumin nan ya kasa haɗiye nama shi kaɗai ne alhali yara suna gida. Bayan cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. A Disambar 2024, a cewar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, buhun shinkafa mai kilo 50 kuma ya fi sabon mafi ƙarancin albashi tsada. A irin wannan hali, kwamitin da ya san abin da yake yi zai soke balan-balan ya ba kowa ƙunshi na biyu a fili, da sunan na iyali, tun daga darakta har ɗan lodi, don kada kowa ya buƙaci waige-waige.

Idan an saka ka a kwamitin bana, tun a zaman farko ka nemi a kira akanta ya faɗa a gaban kowa ko akwai albashi ko alawus ko kuɗin fanshon da bai fita ba. Jerin sunayen waɗanda za a gayyata kuma ka karɓo shi daga hannun maigadi, domin shi ya san duk wanda ke shigowa aiki da asuba. In akanta ya ce akwai bashi kuma kamfani yana da halin biya, a ɗage walimar sai an biya.